Zuwa Ga Farfesan Da Ya Gano Ciwonmu Ya Tafi Ya Bar Mu Da Shi

Zuwa ga mai girma Farfesa, babban likitan ciki da hanji, wanda ya taɓa zama tare da mu a Birnin Kebbi yana binciken ciwon kumburin hanji.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan aikinka a ƙasar da kake zaune yanzu. Sunana Haliru, daga unguwar Nassarawa. Ban sa rai ka tuna sunan ba, don waɗanda suka ratsa ta hannunka suna da yawa. Amma wataƙila ka tuna wani dogon dattijo da kullum yake zama a bakin benci kusa da ƙofa, da buta a tsakanin ƙafafunsa. Ni ne. Ban ambaci sunanka a nan ba, domin ba tozarta ka nake nufi ba. Na fito da maganar fili ne kawai saboda na nemi hanyar da zan same ka mu biyu na rasa. Lambar da ka bar mana ta daina shiga, a asibiti kuma an ce ka koma wata jami'a a waje.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wata Juma'a da hantsi, lokacin da maƙwabta ke wanka da shafa turare don tafiya masallaci, ina zaune ni kaɗai a zaure da rediyo, sai na ji muryarka a wani shirin kiwon lafiya. Mai gabatarwa ya yi ta yabonka. Ya ce likitocin ƙasashe da dama suna karanta rubuce-rubucenka suna kafa hujja da su, ya ce kana cikin waɗanda suka nuna wa duniya cewa wannan ciwo ba na Turawa kaɗai ba ne, mu ma yana kama mu. Allah ne shaida, na yi murna. Na ƙwala wa mai ɗakina Atika kira, na ce ta zo ta ji likitanmu. Ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu har aka gama shirin, sannan ta ce, “To Malam, ya faɗi ranar da zai dawo?”

Bari in fara da yadda ka same ni, don masu karatu su san girman abin da ka yi mini kafin su ji kukana.

Ni ɗan gidan karatu ne. Mahaifina ya yi limancin masallacin unguwarmu har ƙarfinsa ya ƙare, na gaje shi. Da safe ina ba magidanta karatu a zaure, da damina in hau kabu-kabu in leƙa 'yar gonar shinkafarmu a fadamar Ambursa. Ciwon ya soma kamar atini: murɗar ciki, majina, sai jini. Mai kemis ya ba ni maganin atini. Da bai tsaya ba aka ce basir ne, na sha jiƙo da sassaƙe har bakina ya daina sanin ɗaci. Aka ce taifod ne, na sha allurai. Wani ya ce tarin fuka ne ya sauka hanji, na yi watanni ina haɗiyar ƙwayoyi. Ina nan ina ramewa har manyan rigunana suka koma kamar na aro.

Daga nan raɗa ta fara yawo. Ba wanda ya furta a gabana, amma ina gani. Mutumin da ya saba karɓar ragowar ruwana ya sha don neman albarka ya daina miƙo hannu. Aka sauya kofin randar masallaci ba tare da an ce uffan ba. Wata 'yar uwa ta ja Atika gefe ta ba ta shawarar ta je a auna jininta, don gudun ƙanjamau. Atika ba ta gaya mini ba sai daga baya, amma na lura ta ware mini kwano, kuma ban ga laifinta ba.

Ranar da na bar limanci, sallar La'asar ce. Muna tsakiyar salla cikina ya murɗa irin murɗar da ba ta jira. Na jawo na'ibi gaba, na riƙe hancina kamar mai haɓo yadda malamai suka koyar, na ratsa sahu. Ban kai makewayi ba. Ba zan ƙara kome a kan wannan ba. Na san hukuncin, don ni da bakina na karantar da shi: mai irin wannan uzuri sallarsa ta yi, amma ba a so ya ja masu lafiya. Washegari na miƙa wa na'ibi masallaci. Na koma salla a ɗaka, ina jin kabbararsa ta lasifika, katanga ɗaya ce tsakanina da sahun da na yi shekaru ina daidaitawa.

A wannan hali aka kai ni gabanka. Kai ne mutum na farko da ya tambaye ni yadda bayan gidana yake fita bai yamutsa fuska ba. Ka saurare ni ba ka duba agogo ba. Ka sa mini na'urar nan mai leƙa hanji, ka nuna mini hoton cikina, ja wur, duk ya saɓule. Sannan ka yi mini bayani da Hausar da zan gane: dakarun jikina ne da ya kamata su yaƙi cuta suka juya suna cin hanjina. Ka ce ba sammu ba ne, ba ƙanjamau ba ne, ba a ɗaukarsa daga mutum, ba ya warkewa ƙurmus amma yana kwanciya in ana shan magani. Da ka ji labarin raɗar unguwa, kai da kanka ka ce a shigo da Atika, ka maimaita a gabanta. Ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka. Ranar a kwano ɗaya muka ci tuwo. Maganin da ka ɗora ni a kai ya tsayar da jinin. Na koma jam'i, ko da yake a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, har Juma'a na riƙa zuwa. Wannan alheri naka ne, kuma zan faɗe shi a gaban Allah.

Shi ya sa da ka nemi yardarmu a ɗebi jininmu da bayan gidanmu da ɗan abin da na'ura ke tsinkowa daga hanji, ban yi jinkiri ba. Ka yi mana tambayoyin da ko iyayenmu ba su taɓa yi mana ba, muka amsa. Ka ce abin da aka gano zai dawo gare mu, kuma ranar ganin masu wannan ciwo za ta ɗore ko bayan ka.

A kan bencin nan na haɗu da Altine, masunci daga Argungu, mai noman shinkafa in ruwa ya janye. Gajere ne, baƙi, mai dariya da ƙarfi. Ya dubi butata, ya dubi tasa, ya ce, “Malam, halan kai ma namu na?” Tun daga ranar muka ƙulla. Shi kaɗai ne a duniya nake iya yi wa zancen wannan ciwo ban sunkuyar da kai ba. Ya san kowace duhuwa a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi inda mutum zai roƙi direba ya tsaya. Shi ya koya mini in zan yi tafiya in daina cin abinci tun jiya. Ya ba ni labarin yadda abokan kamun kifinsa suka daina shiga jirgi ɗaya da shi, ya bayar yana dariya, ni ma na yi dariya, ko da yake babu abin dariya a ciki. Yakan kawo mini bandar kifi wadda ba a barbaɗa wa yaji ba. Kowace safiya ɗayanmu zai kira ɗaya, kuma ba ma farawa da ina kwana, sai dai, yaya cikin?

Sai bincike ya ƙare, ka tafi. Ga kukana, ranka ya daɗe.

Na farko, abin da aka gano bai dawo ba. Jinina ya je inda ƙafata ba za ta taɓa takawa ba, an rubuta shi cikin harshen da ba na ji, malamai suna ta muhawara a kansa, ni kuwa a rediyo na tsinci labarin. Har yau ban san ko abincinmu ne ke tayar da ciwon ba, ko ruwan da muke sha, ko gado ne. Ban san ko azumi na cutar da ni ba. Kowace shekara ni nake yanke wa kaina hukunci cikin duhu.

Na biyu, ba ka bar wanda zai tsaya a madadinka ba. Ranar ganinmu ta ci gaba na ɗan lokaci, sannan aka haɗe mu da sauran marasa lafiya, sannan ta ɓace. Likitan da na gani na ƙarshe matashi ne mai ladabi. Da na ambace ka, fuskarsa ta washe, ya ce ya karanta rubutunka, har yana alfahari a garinsu aka yi aikin. Amma ya ce na'urar ta samu matsala, kuma ko tana aiki babu wanda ya ƙware da ita, sai dai in tafi wani babban birni. Farfesa, mutumin da zuwa kasuwa ke gagararsa ake ce wa ya yi tafiyar yini guda a mota. Rubutunka ya iso garinmu, amma hannunka bai iso ba.

Na uku, magani. Muddin ana bincike muna samunsa, da aka gama ya yanke. Na zaga kemis-kemis na garin nan, wasu ko sunan ba su taɓa ji ba. Sai a yi saƙo daga nesa, wani lokaci ya zo, wani lokaci a yi ta jira jini ya dawo. Altine ya gaji da jira, ya koma wa 'yan ƙananan ƙwayoyin nan da ka ce na kashe gobara ne kawai, kada a daɗe a kansu. Su kam ko'ina akwai su. Fuskarsa ta kumbura, mutanen Argungu suna yi masa barka ya yi ƙiba. Na tuna masa gargaɗinka a waya, ya ce, “To Malam mi za ni sha? Ita ɗai muka da.”

Na huɗu shi ne mafi nauyi, kuma saboda shi na kasa yin shiru.

Da daminar da gulbi ya cika ya shafe fadama, amai da gudawa ta ɓulla a ƙauyuka. Daidai lokacin ciwon Altine ya tashi, tashin da bai taɓa yi ba. Aka ɗauke shi zuwa wani wurin jinya da aka keɓe saboda annobar. Ma'aikatan suka ga mutum yana zawo ya galabaita, suka kwantar da shi cikin masu kwalara, suka hana 'yan uwa shiga. Matarsa Kulu ta tsaya a bakin shinge tana gaya musu tsohon ciwo ne, akwai likitan Birnin Kebbi da ya san shi. Suka tambaye ta sunan ciwon, ba ta sani ba. Suka ce ina shaida, babu kome a hannunta. Ban ɗora musu laifi ba, mutane ne ƙalilan da marasa lafiya suka yi wa yawa, kuma abin da ido ya nuna musu suka yi aiki da shi.

Ya kira ni da rana tsaka. Ni ma a kwance nake, nawa ya tashi. Muryar nan mai cika ɗaki ta koma siririya. Ya ce, “Malam, ka hwaɗa musu ba kwalara ta ba.” Na ce ya miƙa wa wani ma'aikaci wayar. Na ji yana kira, yana kira, ba wanda ke kusa. Na riƙe wayar a kunne ina karanta masa abin da ya zo bakina har ta katse. Bayan kwana kaɗan Kulu ta kira ta ce Allah ya yi masa cikawa. Saboda tsoron annoba, mutane ƙalilan ne suka raka shi. Ni da na sallaci gawawwakin unguwa guda, ban samu tsayawa a kan abokina ba.

Ba na cewa da kana nan da bai mutu ba. Ajali na Allah ne, ni na fi kowa sanin haka. Amma da akwai ko ɗan kati a aljihunsa mai faɗin ciwonsa da maganin da yake sha, da an duba shi da wani ido, da ko mutuwar ce ya yi ta a hannun iyalinsa.

Da cikina ya lafa, na hana kaina abinci yadda ya koya mini, na shiga mota zuwa Argungu ta'aziyya. Na zauna a ƙofar gida a kan tabarma, Kulu tana daga bayan zana. Bayan addu'a ta yi mini tambaya biyu. Ta ce in gaya mata sunan abin da ya kashe mijinta, don har yanzu maƙwabta kwalara suke cewa, wasu ma ba sa cin abincin gidan. Ta ce kuma babbar 'yarsu ta fara kukan ciki, shin ciwon yana bin jini ne? Ta farkon na amsa da abin da ka koya mini. Ta biyun na ce ban sani ba. Ta ce ta ɗauka tun da an ɗebi jininsa, an san amsar. Kafin in koma tasha na sauka bakin gulbi. Jirginsa na nan a kife a kan yashi, ciyawa ta fara fitowa ta gefensa. Na tsaya kaɗan, sai cikina ya tuna mini da hanya.

Yanzu wayata ba ta ƙara da safe. Jinin ya dawo, na sake barin jam'i. Masu ɗaukar karatu sun ragu, don ba daɗi malami ya riƙa tashi a tsakiyar darasi ya bar mutane da littafi a buɗe. Ɗaurin aure da suna sai dai in aika da gaisuwa. Atika tana iyakar ƙoƙarinta, tana dafa mini abinci daban ba yaji ba mai, amma akwai abin da mai lafiya ba ya iya ji ko yana ƙaunarka. Yawancin yini ni da rediyo ne.

Sai dai wani abu ya fara faruwa da ya kamata ka sani. Kwanan baya wani ɗan kasuwa daga Gwadangaji, magidanci mai iyali, ya yi sallama bayan Azahar. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi hukuncin alwalar mai yawan fita, sannan ya sunkuyar da kai ya ce an gaya masa na taɓa yin irin ciwonsa. Ya ce shekara da shekaru ana ba shi maganin basir. Bayan shi wani ya zo a madadin matarsa, malamar makaranta da ta ajiye aiki saboda ba ta iya tsayawa a aji. Ka ga ciwon yana nan a gidaje, kunya ce ta rufe shi. Ni da ba ni da kome sai addu'a da ɗan abin da na tsinta a bakinka, ni na zama wurin zuwansu. Wannan ba daidai ba ne.

Ni ban san yadda ake auna darajar malami a jami'a ba. Na ji an ce ana duba yawan waɗanda suka ambaci rubutunsa, kuma ban raina wannan ba, don ilimi haka yake yaɗuwa. Amma a gidanmu mahaifina bai sauka daga limanci ba sai da ya tabbata akwai wanda zai ja salla, kuma bai taɓa barin mai tambaya ya tafi ba amsa in ya san ta. Abin da ka ɗiba a jikinmu amana ce muka ba ka. Ta amfani duniya, mun gode Allah. Muna roƙon ta amfane mu mu ma.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban ga wanda ya fi ƙarfinka a ciki ba.

Ka yi mana bayanin abin da ka gano da Hausa, ko a rediyon nan da ka yi magana, ko ka naɗi murya a riƙa tura ta waya zuwa waya. Ka faɗi alamomin ciwon ƙarara, don mai fama ya gane kansa, maƙwabta kuma su daina zargi.

Ka sa a yi wa duk wanda ka taɓa dubawa ɗan kati mai bayanin ciwonsa, wanda zai nuna a duk asibitin da ya faɗa.

Ka ɗauki ko likita ɗaya da ma'aikaciyar jinya ɗaya na garin nan ka horar da su, ka riƙa jin matsalolinmu ta bakinsu ko ta waya ce. Matashin nan da na ambata yana da niyya, jagora ya rasa.

Ka yi amfani da sunan da Allah ya ba ka ka yi wa hukumomin lafiya magana a kan magani da gyaran na'ura. Ni in na je, a bakin ƙofa zan tsaya. Kai in ka yi magana za a miƙe.

Sannan ka ba ni amsar da zan kai wa Kulu. Tana jira, kuma na yi mata alkawari zan tambaya.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya ɗaukaka darajarka fiye da inda take, ya tsare ka da zuriyarka daga wannan ciwo da duk wani mai kama da shi. Allah ya sa aikinka ya zama mai gudana bayan ranka. Allah ya jiƙan Altine, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, kai ma ka sa shi a addu'a, don da jikinsa aka rubuta wani abu daga cikin abin da ake yaba maka.

In Allah ya kawo ka Birnin Kebbi, ka tambayi gidan tsohon liman a Nassarawa, kowa zai nuna maka. Kullum ina gida. In muna cikin magana ka ga na tashi ba sallama, kada ka ɗauka fushi ne. Ka ɗan jira ni, zan dawo.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Haliru, tsohon limamin unguwa,
Nassarawa, Birnin Kebbi.